Rubutu Mai Kauri: Yadda Hannun Alaramma Ya Shiga Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tabarmar mai sayar da littattafan addini, a bakin masallacin Juma'a na Gwandu ko ranar kasuwa a Kalgo, ya san akwai Alƙur'ani iri biyu da ido ke rarrabewa tun daga nesa. Ɗaya bugun Madina ne, baƙaƙensa sirara, kowane layi da sarari tsakaninsa da na ƙasa. Ɗayan kuwa shafinsa baƙi ƙirin, kamar an jera tubali an ta da katanga. Layukan sun yi kauri sun kwanta, wutsiyoyin baƙaƙe sun zurma ƙasa har suna neman taɓa kan na biye. Dattijon da ya yi karatun allo ba ya ɓata lokaci wajen duba bango. Da ya buɗe ya ga kaurin nan sai ya ce ga nasa, na Warash. Jikansa ɗan Islamiyya kuma wancan na farko zai kai wa hannu.

Littafin ɗaya ne, ruwaya biyu, hannu biyu. Wannan hannu mai kauri shi ne yaran ƙasar Hausa suka buɗe ido da shi a kan allo shekaru aru-aru. Yana da asali da ƙa'idoji, yana kuma da wasu 'yan halaye da baƙo kan ɗauka kuskure ne. Tun 2017 ya zama abin da masu shagon kwamfuta ke kira font, wato zubin baƙaƙe da ake saukewa a na'ura a yi rubutu da shi. Saurayin da ke haɗa katin biki a shago kusa da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, zai iya sauke shi kyauta cikin 'yan mintuna. Sanin inda ya dace da inda bai dace ba ne ba ya saukowa tare da shi.

Asalin hannun daga Magrib yake. Addini da littattafansa sun iso ƙasashen nan ta hamada, don haka mazhabar Malikiyya da ruwayar Warash da salon rubutun arewacin Afirka a ayari ɗaya suka zo. Shi Warash laƙabi ne na wani makarancin Misra, Usmanu ɗan Sa'idu, wanda ya ɗauki karatu wurin Nafi'u a Madina, ya rasu shekara ta 197 bayan hijira. Da rubutun ya zauna a Barno sai ya yi jiki, ya ƙara kauri da kusurwa. Akwai wani Alƙur'ani na Barno mai ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669, wanda masani ɗan Ingila A. D. H. Bivar ya yi bayaninsa a 1960. Masu bincike na baya-bayan nan, irin su Andrea Brigaglia ɗan Italiya, suna kiran hannun Barno Barnawi, na Kano kuma Kanawi, suna ganin na biyun daga na farkon ya tsiro. Ba abin mamaki ba ne, tunda gabas almajiran ƙasar Hausa suka saba nufa neman haddar Alƙur'ani.

Gwandu tana da nata kason a tarihin alƙalami, kuma ba ƙarami ba ne. Nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna da jama'arsa daga 1805 kafin ya koma Sifawa. Nan ƙanensa Malam Abdullahi ya riƙe yammacin daula har ya rasu a 1829, kabarinsa kuma yana garin. Abdullahin Gwandu mutum ne da alƙalami bai huta a hannunsa ba. Tafsirinsa Liya'ut Tawili, da Liya'ul Hukkami da ya rubuta wa Kanawa, da Tazyinul Waraƙati, wanda sunansa ma ke nufin ƙawata takardu, duk da hannu aka yi ta kwafarsu ana kaiwa gari-gari. Almajirai su ne maɗaba'ar wancan zamani. Takardar kuwa daga Italiya take zuwa ta Tarabulus, irin mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta ga haske.

A watan Mayu na 1853 Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ke yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gwandu zamanin Sarki Halilu. Sarkin bai yarda sun gana ba, amma wani malamin garin ya ara masa abin da ya fi masa ganin sarki amfani: kwafin Tarihus Sudan, tarihin Sangai da Tumbuktu da Abdurrahman Sa'adi ya rubuta a ƙarni na 17. Barth ya kwashe kwanaki yana kwafar abin da ya iya daga ciki, har ya yi kuskuren jingina littafin ga Ahmad Baba. Ta wannan kwafi na Gwandu Turawa suka fara sanin abin da littafin ya ƙunsa.

Wanda ya zauna da irin waɗannan takardu zai lura da wata dabara da masu ɗab'in yau ke zaton su suka ƙirƙiro. Marubutan da ba su yi wa kowane aiki hannu ɗaya ba. Littafin fiƙihu ko wasiƙa, hannu ne mai sauƙi da gudu, saboda takarda tana da tsada kuma aikin da yawa. Amma da an zo kan babi ko fasali sai a sake tawada ko a sake alƙalami, a rubuta kalmar da ja ko da kauri, don mai neman wuri ya gan ta da buɗewa ɗaya. Sharhin gefe da ƙananan baƙaƙe ake yinsa, wani lokaci a karkace. Alƙur'ani shi ake ware wa hannu mafi nauyi da natsuwa. Tun kafin inji ya zo, sun riga sun raba rubutun da ake karantawa da gudu da rubutun da ake son ido ya tsaya a kansa.

Kaurin nan daga bakin alƙalami yake fitowa. Alaramma zai zaɓi sillen karan dawa da ya bushe sosai, ko gamba, ya yanko kamar tsawon taƙi. Ya sa reza ya fere gefe ɗaya har cikin ya bayyana, ya rage bakin ta dama da hagu, ya tsaga shi kaɗan a tsakiya don tawada ta sami hanya. Yankan ƙarshe shi ne magana. Idan ya bar bakin da faɗi, ya riƙe shi yadda faɗin zai tsaya a tsaye, to duk jan da ya yi daga dama zuwa hagu zai fito da cikakken faɗin bakin, jan sama zuwa ƙasa kuma ya fito siriri. Shi ya sa gindin layi ke kwanciya kamar azara, alif da lam su tsaya a kansa 'yan sirara. Tawadar allo, ta gawayi ko kunkunniya da ƙaro, tana da jiki, ba ta shiri da siririn baki. Yaron da ke karatun dare a gefen wutar kara kuma yana bukatar baƙin da zai gani ba sai ya kai allon ga hancinsa ba. Idan aikin na takarda ne sai a dafa yambari, da bagaruwa da kashin maƙera, tawadar da ba ta wankuwa.

Alƙur'ani rubutun hannu ba baƙi zalla ba ne. Baƙaƙen da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ɗigon ruwan ɗorawa, a kwafi da yawa kuma akwai koren ɗigo a kan alif ɗin da ake sadarwa. Ƙarshen aya ɗigo uku ne a dunƙule kamar duwatsun murhu. A gefen shafi ga da'irori masu ado da ke nuna hizifi da rabinsa da rubu'i da sumuni, a manyan rabe-rabe kuma zayyana ce mai murabba'i, 'yar uwar wadda ake yi wa allon sauka. Ba a ɗinke takardun. A ƙasan shafi ake rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa, don ko iska ta watsa su a iya jerawa, sannan a haɗa su cikin tadarishi a zura a gafaka.

Sunayen da makarantar allo ta raɗa wa baƙaƙen su ma hoton siffarsu ne. A matakin babbaƙu, kafin a kai ga farfaru, yaro yana rera ha ƙarami da ha mai ruwa, sin da shin mai ruwa, domin ɗigo a bakin malaman allo ruwa ne. Akwai ɗa mai hannu, saboda sandar da ta ɗaga a kanta. Akwai an baki wofi, wanda ya wangale baki babu komai a ciki. Ga ha kuri da ta kuri masu dunƙulewa, ga lam jaye da ake ja a haɗa da na gaba. Yaron da ya koyi baƙaƙe ta wannan hanya siffa ya haddace, don haka ranar da aka sauya masa siffar sai karatu ya yi masa tuntuɓe ko da lafazin bai sauya ba.

A nan ne halayen da ke rikita baƙo suke. A rubutun gabas, na Misra da Saudiyya, fa tana da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf tana da biyu. A rubutun Warash ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare ta a sama. Wato fa ɗin mutumin Alƙahira ita ce ƙaf ɗin mutumin Gwandu. Idan fa ko ƙaf ko nun suka zo ƙarshen kalma, sau da yawa ba a sa musu ɗigo sam, lanƙwasar wutsiya ce ke faɗin ko wace ce. Akwai kuma babban ɗigo da ake sawa ƙarƙashin baƙi don imala, wanda Hausawa suka ara suka rubuta wasalin "e" da shi a ajami, tunda Larabci bai tanadi wannan wasali ba. Baƙin da Larabawa ke kira dad, a nan lodi ne, da lam ake furta shi, shi ya sa ake cewa alwala da Liya'u. Don sautin "tsa" kuwa sai aka ƙara wa ɗa mai hannu ɗigo uku. Marubuci yana iya raba kalma gida biyu idan layi ya ƙare, rabi nan rabi a layi na gaba, abin da marubucin gabas ba ya yi.

Da injin ɗab'i ya zo, an yi zaton kwanan wannan hannu ya ƙare. Baƙaƙen ƙarfe na Larabci da tafireta galibi a kan salon gabas aka zuba su. Liya'ut Tawili na Malam Abdullahi ma, da aka tashi buga shi a 1961, a Alƙahira aka buga shi da baƙaƙen can. Sai dai masu saye a ƙasar Hausa da rubutun allo suka saba, kuma ɗan kasuwa abin da ake saye yake kawowa. Mafitar da aka samu ita ce ɗab'in hoto: a ba marubuci ya rubuta littafin da hannu shafi-shafi, a ɗauki hotonsa a kan faranti, inji ya gurza dubbai. Daga shekarun 1950 zuwa gaba maɗaba'un Kano da Zariya suka cika kasuwa da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Ishiriniya da waƙoƙin ajami, da yawansu an bar fili tsakanin layuka don almajiri ya rubuta fassarar malaminsa.

Maimakon inji ya kashe hannun, sai ya ɗauki hannun gari ɗaya ya watsa shi ko'ina. Marubutan Kano irin su Sharif Bala na unguwar Gabari, wanda aka buga Alƙur'anan da ya rubuta da hannu, aikinsu ya bi 'yan kasuwar Kurmi ya shiga garuruwan da su kansu ba su taɓa takawa ba. Yaro a Kalgo ko Maraɗi yana kwaikwayon baƙin da ya gani a bugun Kano, ya girma ya koyar da shi. Ta haka salon ya sami sunan da ake kiransa da shi yau, rubutun Kano. Daga baya kishiya ta zo da ƙarfinta. Maɗaba'ar Sarki Fahad da aka buɗe a Madina a 1984 ta yi ta fitar da Alƙur'ani da hannun Usman Ɗaha, alhazai suna dawowa da shi tsaraba, makarantun Islamiyya kuma suka rungumi ruwayar Hafsu. Gida ɗaya sai ka tarar kaka yana karanta wannan, jika yana karanta wancan.

Turai ta taɓa bin irin wannan hanya. Lokacin da Gutenberg ya buga Littafi Mai Tsarki a Jamus a shekarun 1450, baƙaƙen ƙarfensa kwaikwayon hannun marubutan coci ne, mai kauri da duhu. A hankali siraran baƙaƙe suka ture shi daga cikin littafi, ya koma zama a kan sunan jarida, kamar New York Times, da takardar shaidar kammala karatu. Rubutun da ake karanta littafi sukutum da shi ya zama na ado. Ga matasa da yawa a Kebbi, rubutun allo ya fara kama wannan hanya: suna ganinsa su ji kwarjininsa, amma ba da shi suke karatun yau da kullum ba.

Kwamfuta ta daɗe ba ta san da shi ba. Kowane baƙi a na'ura lamba gare shi a wani kundi na duniya da ake kira Unicode, kuma sai a 2016 aka ba fa da ƙaf da nun irin na Warash lambobinsu na kansu. Ƙungiyar SIL, ta Kiristoci masu nazarin harsuna mai hedkwata a Dallas ta Amurka, ita ta fitar da zubi mai suna Harmattan a 2015, wanda George Nuss ya zana don masu rubutun Warash na Afirka ta Yamma. Shi siriri ne, an yi shi don dogon karatu. A 2017 ta fitar da Alkalami, aikin Becca Hirsbrunner Spalinger, wanda aka gina kai tsaye a kan rubutun Kano, sunansa ma kalmar Hausa ce da aka cire wa lanƙwasa. Daga baya aka ƙara Ruwudu, mai rangwamen kauri, bisa hannun Mangawa na Nijar. Dukansu kyauta ne, lasisinsu ya yarda kowa ya yi aiki da su har na kasuwanci, kuma ana samun su a rumbun Google Fonts.

Wanda ya buɗe Alkalami a allon kwamfuta zai gane shi nan take. Gindin layi mai kauri ne ƙwarai, sandunan tsaye da haƙoran sin sirara, wasulla ƙanana sun manne kusa da baƙaƙensu, wutsiyoyin nun da ya da lam sun yi zurfi kamar ƙoƙo. Idan aka cika shafi da shi sai ya zama murabba'i baƙi, tamkar bugun Kurmi. Aikin da ke bayansa ba kaɗan ba ne. Baƙin Larabci yana iya ɗaukar siffa huɗu, ta farkon kalma da ta tsakiya da ta ƙarshe da ta zaman kaɗaici, don haka sai an zana ɗaruruwan siffofi ɗaya bayan ɗaya, a kuma rubuta wa na'ura ƙa'idar wace za ta fito a ina, da inda kowane wasali zai zauna kada ya hau kan ɗigo.

Akwai abin da ya salwanta a hanya. Alaramma yana kallon layi gaba ɗaya kafin ya ɗora alƙalami: ya ja wannan baƙi ya yi tsawo, ya matse wancan, ya lanƙwasa wutsiya ta kauce wa alif ɗin da ke tasowa daga ƙasa. Tawada tana yin yawa bayan tsomawa a kurtu, ta rage kafin tsomawa ta gaba. Baƙin ba guda biyu da ya rubuta ba sa zama ɗaya sak. A kwamfuta kowace ba kwafin 'yar uwarta ce, kuma na'ura ba ta san ta kauce ba sai an buɗa mata tazara. Shi ya sa kuskuren farko da sabon hannu ke yi da wannan zubi shi ne matse layuka don rubutu ya shiga kati, sai wutsiyoyin sama su faɗa cikin kawunan ƙasa, shafi ya cakuɗe.

Inda yake haskawa shi ne inda kalmomi kaɗan ne kuma manya. Sunan makaranta a kan allon ƙofa, bangon littafin waƙoƙin ajami, kan katin walimar sauka, sunan wata a kalandar hijira, kanun sanarwa da ake son dattawan kasuwa su karanta daga tsallaken hanya. A irin waɗannan wurare kaurin yana jan ido, yana kuma gaya wa mai karatu cewa da shi ake, kafin ma ya haɗa baƙi. Masu karanta ajami ba su ƙare ba. Ko da aka cire shi daga ƙananan takardun kuɗi a 2007, da naira 100 a 2014, har yanzu yana kan 200 da 500 da 1000, kuma akwai masu cinikin shanu da albasa da ta nan suke tabbatar da abin da aka miƙo musu.

Inda yake kasawa kuma a fili yake. Idan aka ƙanƙanta shi a rasit ko a fuskar waya, siraran sandunan su ɓace, cikin mim da wau ya toshe, a bar mutum da baƙin zare kwance. Jadawalin lambobi da dogon bayanin yadda ake shan magani sun fi son zubi mai sauƙi irin Harmattan, a bar wa mai kaurin kanu. Idan za a haɗa shi da boko a fasta ɗaya, bokon ya zama marar ado, don sarakuna biyu ba sa zama a shimfiɗa ɗaya.

Sai batun ɗigo, wanda ya fi kowanne haɗari. Madannan Larabci da ke kan yawancin wayoyi da kwamfutoci fa da ƙaf na gabas suke aikawa. Idan mai shago bai duba inda ɗigo ya sauka ba, zai iya fitar da rubutu mai jikin Warash da ɗigon Misra. Dattijo ya zo karantawa, ya ga ɗigo ɗaya a sama, ya karanta ƙaf kamar yadda aka koya masa tun yana kolo. An rubuta fashi, ya karanta ƙashi. An rubuta fasa, ya karanta ƙasa. Laifin kuma ba nasa ba ne.

Akwai wani nauyi da wannan hannu ke ɗauke da shi wanda babu ruwan na'ura da shi. A ƙasar Hausa mutum yana tafiya ya ga takarda mai irin wannan rubutu a ƙasa, zai duƙa ya ɗauke ta ya soke a jikin katanga, ko bai tsaya karanta abin da ke ciki ba. Ido ya riga ya haɗa siffar da Alƙur'ani. Wannan kwarjini riba ne ga mai sanarwar rigakafi ko taron wa'azi, amma ya zama abin tunani ga mai tallar sabulu ko ɗan takara, wanda fastarsa gobe za ta yage ta faɗa kwata ko ta ƙare a hannun mai ƙosai. Malamai sun daɗe suna jan kunne kan buga aya a takardar da aka san ƙarshenta juji ne. Buga nassin Alƙur'ani kansa kuwa aiki ne na mahaddata da masu tacewa, da alamomin ruwaya da na tsayawa da ba kowane zubi ya tanada ba. Samun baƙaƙen a kwamfuta bai mai da mai shago alaramma ba.

Boko ma yana da nasa ciwon a shagunan nan, kuma dangin wancan ne. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun Hausa ne a shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorancin hukumar talifi a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 kuma ta saba wa jama'a da su. A tsakiyar shekarun 1980 har shahararren mai zana baƙaƙe na Jamus, Hermann Zapf, ya yi aikin wani zubi da ya tattaro baƙaƙen harsunan Nijeriya. Duk da haka yawancin zubin ado da ke cike da CorelDraw na masu haɗa kati, masu lanƙwashe-lanƙwashe da masu kama da rubutun alli, an zana su ne don Ingilishi. Da an danna ƙ sai akwatin wofi ya fito, ko na'ura ta aro baƙin daga wani zubi ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙauye a taron 'yan birni. Mai shago yana sauri, sai ya cire lanƙwasar ya huta. Ta haka ake rataya ƙyallen maraba da manyan baƙi a wurin biki yana yi wa manyan baki maraba.

Gwajin duka biyun bai fi minti biyar ba. Kafin a zaɓi zubin boko, a rubuta ɓera da ɗaki da ƙofa da 'ya'ya, ƙanana da manya, a ga ko duk sun fito da jiki ɗaya. Kafin a gurza na ajami, a fitar da kwafi ɗaya a girman da za a buga, a kai wa malamin zaure, a ce, “Allah gafarta Malam, a duba mana.” Idan ya karanta bai tsaya ba, aiki ya yi. Idan ya kai yatsa kan wata kalma ya yi shiru, akwai ɗigon da ya ɓata hanya.

Zubin da ke hannu yanzu hannun Kano ne da na Mangawa. Hannun da aka kwafi littattafan Malam Abdullahi da shi, mai sauƙi da gudu, yana nan a takardun da gidajen malamai ke adanawa, da waɗanda aka tara a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna. Mai son ya mai da shi zubin kwamfuta sai ya ɗauki hoton shafuka masu yawa na marubuci ɗaya, ya tsamo kowane baƙi a siffofinsa huɗu, ya zauna da wanda ya iya fiƙe alƙalami ya nuna masa ta ina kowane ja ya fara da inda ya ƙare, sannan ya koma ga na'ura ya yi watanni yana gyara tazara. Jami'ar da ke Kalgo an kafa ta a 2013, tana da ɗaliban kimiyyar kwamfuta, daga ƙofarta zuwa hubbaren Malam Abdullahi a Gwandu kuma tafiyar hantsi ce a mota ta Birnin Kebbi.